Fartanyar Nomau da Wuyan Tafkin Giyayya

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka binne Nomau a maƙabartar ƙauyensu, can bakin fadamar Kalgo, ta wajen Dangoma. Masu karatu ba su san shi ba, kuma ba laifinsu ba ne. Bai taɓa riƙe sarauta ba, bai taɓa tsayawa zaɓe ba, ko a rediyo ba a yi sanarwar rasuwarsa ba. Masunci ne ɗan masunta, kuma abokina ne tun muna samari. Ni kuwa mai wannan rubutu, Manu, Bafillacen ƙasar Gwandu ne, tsohon malamin firamare, wanda har yau in aka soma suyar kifi a cikin gida sai ya ɗauki tabarmarsa ya koma zaure. Yadda aka yi mutum irina ya tsufa yana abota da wanda ko rigar Sallarsa ƙarnin kifi take yi, tambaya ce da iyalina suka gaji da yi mini.

Tun bara na so in yi wannan waiwaye, sai na dakata, domin akwai maganar da ba ta ƙare ba tsakanina da ɗansa na fari, Lawali. Magana ce a kan wata 'yar hanyar ruwa da Nomau ya bari: ko a bar ta a toshe iyalinsa su ci gaba da cin abinci cikin rufin asiri, ko a buɗe ta tafkinsa ya koma yadda ya san shi. Yanzu da maganar ta kai inda ta kai, zan iya ba da labarin.

Mu mutanen Kambaza, in rani ya yi nisa kiwo ya ƙare a tudu, mukan gangara da shanu fadamar Kalgo su ci ciyawar bakin ruwa. A wani hutun makaranta aka haɗa ni da yayyena muka tafi. Ranar da muka isa, shanunmu suka afka wani tafki suka tattake kalli, wato ragar kamun kifi, da wani saurayi ya shanya a gefe. Saurayin ya yi mini magana, ban ma tsaya jin ƙarshenta ba na hau faɗa, ina huci, kumatu a cike, alhali mu ne da laifi. Shi kuwa sai ya sa hannu cikin gorarsa ya ciro wani ɗan kifi mai zane-zane, ya sosa masa ciki da ɗan yatsa, kifin nan ya kumbura ya yi tim kamar ƙwallon yara. Ya miƙo mini shi, ya ce, "Ga ɗan'uwanka nan, ku gaisa." Yayyena suka faɗi ƙasa don dariya. Shi kuma ya sunkuya ya saki kifin cikin ruwa, ya kama gyaran kallinsa. Sunan kifin talibambam, kuma daga ranar nan har ya koma ga Allah, Nomau bai taɓa kirana Manu ba. Ko lokacin da na zama shugaban makaranta, in ya kawo wa maiɗakina banda, a bakin ƙofar makaranta yakan tsaya ya tambayi ɗalibai ko Talibambam yana ciki. In na yi fushi kuwa, sai ya ce ai ga shaida nan.

Tafkin da muka haɗu a bakinsa shi ne Tafkin Giyayya, gadon gidansu Nomau tun kakanni. Ba wani babba ba ne, mai ƙarfin murya zai iya kiran wanda ke ɗaya gaɓar. Abin da ya sa ya zama tafki na gaske shi ne wata siririyar hanyar ruwa da ta haɗa shi da gulbi, ta ratsa cikin ciyawa da laka, mutanen wurin suna ce mata Wuya. In damina ta kankama gulbi ya cika, ta Wuya ruwa ke shigowa, kuma tare da shi kifaye iri-iri ke shigowa su yi ƙwai cikin ciyawa. In ruwa ya soma janyewa, wasu su bi shi su koma gulbi, wasu su zauna. Matsalar Wuya ita ce duk rani sai ta cike. Laka ta zauna, ciyawa ta rufe, shanu su rushe gefenta. Wannan na ƙarshen Nomau bai taɓa barina na manta da shi ba, ko da na riga na bar kiwo da daɗewa.

Saboda haka duk bazara, kafin gulbi ya motsa, Nomau yakan ɗauko wata fartanya mai faɗin baki da maƙeri ya ƙera masa musamman, ya tuɓe riga ya shiga laka ya yashe Wuya daga wannan kai zuwa wancan. Aiki ne na kwanaki, cikin zafin da ko kare ba ya son fita. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ke biyansa. Ni kuma nawa aikin, in na samu hutu, shi ne in shimfiɗa tabarma a gindin giyayyar da ta ba tafkin suna, in ajiye butata da rediyo, in yi ta gaya masa baƙar magana. Nakan ce masa ban taɓa ganin mai garken da ke buɗe wa dabbobinsa ƙofa da hannunsa don su gudu ba. Sai ya ɗago, laka har gira, ya ce, "Ku Hillani ɗaurin maraƙi kunka sani. Wanda yat tahi bana, shi ka jawo muna baƙi baɗi. Zauna nan ka yi ta kumburi." Haka muke yi har la'asar. Daga baya na gane aikin yana yi masa sauƙi in akwai mai zaginsa a gefe, ni kuma ban san wani hutun da ya fi wannan daɗi ba.

Nomau yana maganar kifaye yadda mutum ke maganar 'yan unguwarsu. Ƙurungu, mai gurnani in an kama shi, yakan ce da shi mai ƙorafi, wai halinsa ɗaya da wani surukinsa. Yauni, dogon kifin nan mai yin sheƙa cikin ciyawa, shi yake girmamawa, in ya ga sheƙarsa sai ya karkatar da jirgi ya zagaya, kuma ba ya yarda a yanke ciyawar wurin ko za a yi faɗa. Minjirya kuwa ni ya kamata in ba da labarinta, domin wata rana ya ce in taimaka in ciro masa wani kifi mai santsi daga masaki, na sa hannu da zuciya ɗaya, abin da na ji ya ratsa ni tun daga yatsa har ƙeya. Ban yi masa magana ba sai da muka yi sallar magariba. Matarsa Kulu ita ke banda, kuma in ka leƙa murhunta za ka san inda shekara take. Akwai lokacin da faliya ke cika wayar banda, faffaɗa tana kitse, akwai lokacin bargi, akwai na kawara da yara ke ci kamar gyaɗa. Ban ci ko ɗaya ba, amma na san su duka, yadda mutum kan san dangin abokinsa.

Shekarar da zai rasu ya yashe Wuya yana tari. Na ce ya bar wa Lawali, ya ce Lawali ya iya, amma shi bai gama ba tukuna. Ya ga shigowar ruwan wannan damina, ya ga janyewarsa, sannan ya kwanta, kwanciyar da ba ta daɗe ba. Mu an raine mu da cewa namiji ba ya nuna abin da ke ransa a gaban jama'a. Ranar nan ban iya ba. Na yi kuka a bakin kabari, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Sau da yawa in na hau mota daga Gwandu na gangara fadamar nan, nakan tambayi kaina abin da Nomau zai ce da zai leƙo yau. Na san zai yi murna da shinkafar rani. Mutum ne da ya san yunwa, ya ga shekarun da mutane suka ci abin da ba a faɗa, don haka ganin fadama kore shar a tsakiyar rani zai sa ya yi hamdala. Na san kuma zai so wayar hannu fiye da kima, zai riƙa kirana da sassafe don kawai ya ji ko na tashi da fushi. Amma ban san yadda zai yi da ƙarar injinan ban-ruwa da suka zura bututu cikin kowane tafki suna zuƙa ba dare ba rana ba. Ban san yadda zai kalli gidan sauron da aka raba don a kare yara, ya koma abin tace ruwa, yana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Ga maganin ciyawa da ake fesawa a gonaki, ruwan farko ya wanke shi ya gangara inda kowa ya sani. Nomau ba mai wa'azi ba ne, ina jin fartanyarsa kawai zai ɗauka.

Lawali ya riƙe aikin ubansa 'yan shekaru. Amma kamu ya yi ta raguwa, ga uwa, ga mata da 'ya'ya, ga ƙanne duk a wuyansa. Sai ya ga yadda ake kiwon tarwaɗa a Birnin Kebbi, ya je ya koya, ya sayo 'ya'yan tarwaɗa ya zuba a Tafkin Giyayya. Wanda ya sayi kifi da guminsa kuwa ba zai bar masa ƙofa a buɗe ba. Ya cika buhuna da yashi ya jera a bakin Wuya ya toshe ta. Ina so masu karatu su yi masa adalci, domin abin ya yi amfani. Da tarwaɗar nan ya yi wa gidan rufin kwano, da ita ƙannensa suka yi karatu, da ita ake sayen maganin Kulu. Ni kaina na sha shayi a sabon ɗakin da ya gina, na sa masa albarka, kuma da gaske nake.

Sai dai tarwaɗa ba ta da maƙwabtaka. Duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, ga shi kuma babu baƙon da ke shigowa daga gulbi. A hankali faliya ta ɓace, bargi ya ɓace, ƙurungu ya daina gurnani a cikin koma, yauni kuwa sai a labari. Tafkin ya cika da kifi fiye da zamanin Nomau, amma duk wanda ka ɗago, baƙin kai ne da gashin baki iri ɗaya. In zafi ya tsananta ruwan yakan yi kore ya riƙa wari. Nakan je in zauna gindin giyayya in rasa abin da ke damuna, sai daga baya na gane kewa ce. Ban ce wa Lawali komai ba, domin ba ni ke ciyar da gidan ba.

Bara da bazara na je gaida Kulu. Ta rame, ganinta ya ragu, abinci sai an lallashe ta. A nan sai in yi wa 'yan zamani bayani kaɗan. Kulu irin matan da ne, masu kunyar ɗan fari. Tun da ta haifi Lawali ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa duban idonsa ta nemi wani abu ba. In tana son ya ji magana, sai ta gaya wa wani a gabansa. Ranar nan yana zaune a tsakar gida yana ɗinkin koma, ni ina bakin ƙofarta. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Malam, bakina ya mance ɗanɗanon romon ƙurungu. Ko za ni sake shan shi, Allah masani." Na ce Allah ya ba da lafiya. Sai na ji tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Ta turo shi ta ƙasan labule. Fartanyar Nomau ce, bakinta yana ƙyalli, ashe duk shekarun nan tana shafa mata mai.

"Abokinka ya bar wagga," in ji ta. "Na gaji da tsaronta. Kai ad da ita yanzu."

Ba wanda bai gane ba a cikinmu uku. Allurar Lawali ta tsaya, amma bai ɗago kai ba. Sai da ya rako ni waje ya ce, "Baffa, ka san abin da ke cikin ruwan nan. In anka buɗe Wuya gulbi ya shigo, ƙananan nan duk sun tahi. Mi za ni ba yara?"

Na kwana a ƙauyen. Da gari ya waye na ɗauki fartanya, na naɗe wando, na nufi Wuya. Ban taɓa buhunansa ba, domin ba ni da hurumin haka. Can ƙarshen da ke wajen gulbi na soma, inda tsohuwar hanyar ta cike har ciyawa ta yi tsayi. Mutumin da ya ba saba'in baya, mai ciwon gwiwa, wanda bai taɓa riƙe abin da ya fi alli nauyi ba tun da ya ajiye sandar kiwo, ku ƙiyasta irin aikin da zai yi. Kafin hantsi laka ta kai mini gwiwa, bayana ya riƙe, abin da na yashe kuwa ko akuya za ta tsallake. Masu wucewa gonakin shinkafa suka riƙa tsayawa suna kallon tsohon Bafillace cikin taɓo, wasu na sannu, wasu na rufe baki. Na ji kumatuna sun soma cika, na tuna mai tsokanata ba ya nan, sai fushin ya sace.

Lawali ya zo ya tsaya a kaina ya daɗe. Ya ce, "Baffa, hito. So kake a ce ina raye abokin ubana na cikin laka?" Na ce masa fartanyar nan ba za ta koma ƙarƙashin gado ba, in ba wani hannun ya karɓa ba, nawa za ta ci gaba da wahalarwa. Ya dubi tafkin, ya dubi gidansu. Sannan ya tuɓe riga ya shigo ya karɓi fartanyar. Kwanaki ya yi yana aikin shi kaɗai, ranar ƙarshe kuma da hannunsa ya janye buhunan. Na san mun matse shi, ni da uwarsa, ta inda ɗan kirki ba ya iya kaucewa.

Abin da ya ji tsoro ya faru. Ya sayar da manyan kafin ruwa, amma da gulbi ya cika ya shigo, ƙananan suka bi shi suka tafi. Shekarar ta yi wa gidan tsanani. Lawali, wanda ya saba a zo bakin tafkinsa a saya, ya koma yankan shinkafa a gonakin mutane. Ya daina kirana. In ni na kira, gaisuwa ce gajera, sai ya ce yana cikin aiki. Na aika da buhun gero, ya karɓa, godiyar ta zo ta bakin wani. Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro. Na yi ta tunanin ko na cire abinci daga bakin jikokin abokina ne don kawai ina kewar wani abu da ya wuce, kuma ban tabbata Nomau zai gode mini ba.

Bayan ruwa ya janye, wata Juma'a da yamma ina zaure na ji tsayuwar babur. Lawali ne, ya ɗauro wata jarka da aka yanke wa baki, an rufe ta da jiƙaƙƙen buhu. Muka gaisa doguwar gaisuwa irin ta waɗanda ke da magana a ciki. Sannan ya ce ƙurungu ya shigo, Inna ta sha romo har ta nemi ƙari. Ya ce akwai ƙarfasa, akwai kawara, ya kuma ga wani abu ya gilma cikin ciyawa da yake zaton bargi ne, amma ba zai rantse ba. Yauni dai babu. Tarwaɗar ma ba duka ta tafi ba.

"Wanga kuma jiya ya faɗa koma," in ji shi. "Inna ta ce a kawo maka. Ta ce kai ka gane shi."

Ya sa hannu cikin jarka ya ciro ɗan kifi mai zane-zane. Ya sosa masa ciki da ɗan yatsa, daidai yadda ubansa ke yi, kifin ya kumbura ya yi tim a tafin hannunsa yana zare ido. Lawali yaro ne mai tarbiyya, bai faɗi sunan ba. Shekara goma sha biyu ba wanda ya kira ni da sunan nan, domin mai ikon kirana da shi mutum ɗaya ne. Na yi dariya har hawaye suka zubo, dariyar ta ƙare, hawayen ba su tsaya ba. Lawali ya mayar da kifin cikin ruwa ya kau da kai, ya ba ni lokaci.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Nomau, ba ni da abu mai yawa da zan nuna. Jirginsa ya ruɓe, kallinsa ya zama igiyar ɗaurin awaki, hotonsa ɗaya da muke da shi ma bai yi kama da shi ba, domin an hana shi dariya lokacin ɗauka. Ban san ko yauni zai sake yin sheƙa a Tafkin Giyayya ba, injuna na nan suna zuƙa, gidan sauro na nan yana tacewa, kuma Lawali na da 'ya'yan da za su ci gobe. Abin da Nomau ya bari aiki ne da ba ya ƙarewa, wanda in an yi shi bana laka za ta mayar da shi baɗi, kuma amfaninsa rabi na mai shi ne, rabi na gulbi. Na yi zaton ya tafi da shi kabari. Ashe yana ƙarƙashin gadon wata tsohuwa ana shafa masa mai. Allah ya jiƙan Nomau, ya yafe masa, har da minjiryar nan.

Lawali bai zauna cin tuwo ba ranar, ya ce yana so ya mayar da kifin tafki tun da sauran haske, don Baba bai taɓa barin irinsa ya mutu a hannunsa ba. Ya ɗaure jarka, ya hau babur, har ya tayar sai ya kashe, ya juyo.

"Baffa, in bazara ta yi ka zo da wuri. Amma tabarma za ka zo da ita, hwartanya na wurina. Waccan bazara ni kaɗai na yi, ba mai ce mini komi, aikin ya yi mini nauyi."

Ga bazarar nan ta ƙarato. Na sa an wanke tabarmar, tana jingine a zaure kusa da butata, kuma tun yanzu na soma tanadin baƙaƙen maganganun da zan gaya masa.